Harsunan Kwamfuta da Matakan Fassara a Cikin Na'ura

Gabatarwa

Tsare-tsaren da ake rubuta wa kwamfuta umarni da su ana kiran su harsuna, domin suna da kalmomi da ƙa'idojin ginin jumla. Sai dai harshen ɗan'adam yana jure harshen damo. Alal misali, kalmar "gari" a rubuce tana iya nufin birni ko garin tuwo, muhallin magana ne ke bambancewa. A harshen kwamfuta kuwa, wajibi ne kowane umarni ya ɗauki ma'ana ɗaya tak.

Harshen Na'ura

Masarrafa, wato ɓangaren da ke aiwatar da umarni a cikin kwamfuta, ba ta gane komai sai jerin 0 da 1. Aikinta shi ne ta ɗauko umarni daga ma'adana, ta warware shi, ta aiwatar, sannan ta ɗauko na gaba. Kowane dangin masarrafa yana da harshensa. Na Intel daban yake da na ARM, wanda akasarin wayoyin salula ke amfani da shi.

Tafinta

Rubutu da 0 da 1 yana da wahala ƙwarai. Saboda haka a shekarar 1957 kamfanin IBM ya fitar da harshen FORTRAN a ƙarƙashin jagorancin John Backus, tare da manhajar da ke fassara shi zuwa harshen na'ura. Irin wannan manhaja takan fara ne da feɗe umarni zuwa bishiyar li'irabi. Rabe-raben nahawu da masanin harshe Noam Chomsky ya gabatar a 1956 sun zama ginshiƙi ga wannan aiki.

Na'urar Kwaikwayo

Abin da aka fassara domin wata masarrafa ba ya aiki a kan wata. Harshen Java, wanda kamfanin Sun Microsystems ya fitar a 1995, ya shahara wajen magance haka. Ana fassara shi zuwa wani harshen tsaka-tsaki, sannan wata manhaja mai kwaikwayon na'ura ta mayar da shi harshen masarrafar da take kai. Wannan ya yi kama da matsayin Hausa a kasuwar da ta tara ƙabilu daban-daban.

Kammalawa

Ya kamata malami ya nuna wa ɗalibansa cewa nazarin nahawu bai tsaya ga cin jarrabawa ba. Dabarar li'irabin da ake koya a aji, ita ce tafintan kwamfuta ke aiki da ita.