Kafin Ka Haɗa Kwamfutar Tebur, Duba Waɗannan

Tun da aka buɗe Jami'ar Paraku a 2001, buƙatar kwamfuta sai ƙaruwa take yi a arewacin ƙasarmu. Ɗalibai na neman inda za a buga musu takardu, masu shagunan buga takardu da hotuna a Paraku da Jugu kuwa da ita suke ciyar da iyali. Da yawa sukan sayi kayan ɗai-ɗai daga Kwatano ko kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas, su kai wa mai gyara ya haɗa. Dabara ce mai kyau, amma wanda bai san kan abin ba yakan zubar da kuɗin da ya yi shekara yana tarawa.

Da farko dai, mai karatu, tambayi kanka aikin da za ta yi. Idan rubutu ne da lissafin kanti, ƙwaƙwalwa matsakaiciya irin Intel Core i3 ko AMD Ryzen 3 ta wadatar. Sai dai a lura, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa ba ta amince da yawancin ƙwaƙwalwar Intel da ta girmi zubi na 8 ba. Don haka kada arahar tsohon kaya ta ruɗe ka. Araha ba ta ado.

Na biyu, dole kayan su dace da juna. Babban allon da masu gyara ke kira carte mère shi ne ke ɗauke da kome. Ƙwaƙwalwar AMD ba ta zama a gurbin Intel, haka nan RAM ta DDR5 ba ta shiga ramin DDR4. Nemi RAM ta giga 8 aƙalla, da ma'ajiyar SSD, domin ta fi tsohon faifai mai juyawa sauri nesa ba kusa ba.

Na uku, kuma nan ne aka fi yin asara, shi ne wuta. Fataken da suka riƙa ratsa Jugu zuwa Gwanja sayen goro ba sa labta wa jaki kaya sai sun tabbatar da lafiyarsa. To, akwatin wuta shi ne jakin kwamfuta. Idan na banza ne, ranar da lantarki ya yi tsalle yana iya ƙonewa ya tafi da allo da ma'ajiya gaba ɗaya. Wutarmu ta volt 220 ce, ta Amurka kuwa 120. Wasu tsofaffin akwatuna na da ɗan jan maɓalli a baya. A tabbata yana kan 230 kafin a jona. A ware kuɗin onduleur tun farko, na'urar da ke riƙe wuta na ɗan lokaci har mutum ya adana aikinsa ya kashe.

Sannan ga ƙurar hunturu da zafin bazara. A zaɓi gida mai fanka da ragar tace ƙura, a ɗora shi kan tebur, a riƙa hure shi lokaci-lokaci.

A ƙarshe, allon rubutun da ya zo daga Najeriya jerin Ingilishi gare shi. Mai yi wa jama'a takardun Faransanci sai ya nemi AZERTY. Kada kuma a biya kuɗi sai an kunna kayan a gabanka, an rubuta maka rasit mai kwanan wata. Allah ya sa albarka a sana'a.