Yaro mai ciwon sukari a lakkol: abin da ya kamata mushe ya sani

Da an koma lakkol a watan Oktoba, hankalin iyayen da ke da yaro mai ciwon sukari yakan tashi, domin yaron zai yi sa'o'i nesa da idonsu. Yawancin waɗannan yara nau'i na ɗaya ke gare su: jikinsu ya daina yin insulin, dole sai an yi musu allurarsa kullum. Ba shan alawa ke kawo shi ba, kuma ba ya yaɗuwa daga yaro zuwa yaro.

Haɗarin da ya fi saurin aukuwa a aji shi ne faɗuwar sukari, wato ya sauka ƙasa da 0,70 g/l. Hakan na faruwa idan yaro ya yi allura da safe bai karya kumallo sosai ba, ko ya yi guje-guje a filin wasa. Sai ya fara gumi, hannu na rawa, ya yi shiru ko ya fusata ba dalili. A nan ne ake yawan kuskure. Wani mushen zai ɗauka rashin kunya ne, wasu kuma su ce iskoki ne, alhali sukari kawai yaron ke bukata. Ƙa'idar da likitocin yara ke bi a Faransa mai sauƙi ce: ƙwayar sukari ɗaya, kimanin gram 5, ga kowane kilo 20 na nauyin yaro. Ya zauna, a sake gwaji bayan minti 15. Kada a tura shi gida shi kaɗai. In ya suma, ba a sa masa komai a baki. A kwantar da shi a gefensa, a garzaya da shi likita.

Idan sukarin hauhawa ya yi, ƙishirwa da yawan fitsari ne alama, don haka hana shi fita ban ɗaki zalunci ne. Amai da ciwon ciki da numfashi sama-sama kuwa ba sa jiran a tashi daga aji.

Sai batun zafi. Insulin da aka fara amfani da shi yana kai wajen mako huɗu muddin bai wuce digiri 30 ba, amma a Tahoua ko Zinder zafin Afrilu na haura 40. Inda babu firijo, iyalai kan rufe shi cikin kwalba su ajiye a tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, a inuwa. Jakar da ke yini a rana ba wurinsa ba ce.

A Faransa akwai takarda ta musamman, PAI, da iyaye da lakkol da lokotoro ke sa wa hannu. Ko babu irinta, uba ko uwa na iya zuwa wurin darakta tun makon farko da takarda ɗaya: alamomin yaron, lokacin allurarsa, lambar waya, da ƙwayoyin sukari da za su zauna a teburin mushe.