Teriberka: Ƙauyen Masuntan Da Fim Ya Fito Da Shi Idon Duniya

A wannan fitowa za mu kai ku can ƙuryar arewacin ƙasar Rasha, bakin tekun Barents, inda wani ƙauyen masunta mai suna Teriberka yake, kimanin kilomita 120 daga birnin Murmansk. Wuri ne na duwatsu da ƙanƙara, inda rana kan yi fiye da wata guda ba ta fito ba a lokacin hunturu, ta kuma yi makonni ba ta faɗi ba idan bazara ta kama.

A da can garin ya yi tashe. A tsakiyar ƙarni na 20 mazaunansa sun kusa 5,000, ga jiragen kamun kifi, ga masana'antar sarrafa shi. Daga shekarun 1960 sai manyan jiragen ruwa suka karɓe sana'ar, suka koma tashar Murmansk, matasa kuma suka bi su. A ƙidayar 2010 mutanen da suka rage ba su kai 1,000 ba. Abin da ya yi saura shi ne kangaye da gawarwakin jiragen katako a bakin ruwa.

Wannan kufai ne ya ja hankalin mai shirya fim Andrey Zvyagintsev, wanda ya ɗauki wani sashe na fim ɗinsa "Leviathan" a can a 2013. Labarin wani makanike ne da azzalumin magajin gari ya ƙwace wa gida da fili, kuma an gina shi ne a kan ƙissar Annabi Ayuba (AS) kamar yadda Kiristoci suke ruwaito ta. Fim ɗin ya sami lambar yabo ta rubutun labari a bikin Cannes na Faransa a 2014, da lambar Golden Globe a Amurka a 2015. Sai dai muna jan hankalin iyaye cewa yana cike da shan giya da ashar, bai dace da kallon iyali ba.

Nan fa mutanen ƙauyen suka rabu biyu. Wasu suka ce an ci mutuncinsu, an nuna wa duniya su a matsayin mashaya marasa makoma. Wasu suka ce ai gaskiya ce aka faɗa game da halin ko-in-kula da hukuma ta bar su a ciki. Ana cikin haka baƙi suka fara tururuwa. A 2015 aka soma bikin shekara-shekara a garin, aka buɗe masaukai da gidajen abinci, masu jirage suka koma kai baƙi kallon manyan dabbobin teku. A 2021 hukuma ta mai da yankin gandu mai kariya, domin yawan baƙi ya fara ɓata shi.

Hausawa kan ce suna linzami ne. Kuɗi sun shigo Teriberka, amma da sunan da mutanenta ba su zaɓa wa kansu ba. Yau da kowane yaro a gidajenmu yake riƙe da wayar ɗaukar hoto, wajibi ne mu koya musu cewa ɗaukar hoton mutane amana ce, kuma talaucin maƙwabci ba abin nishaɗi ba ne. A nemi izini kafin a ɗauka, a kuma tuna cewa mai hoto zai tafi, masu gari su ne za su zauna da sunan.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.