Don mi ake ce wa Tibalt "Sarkin Kyanwoyi"?

Cikin tsofaffin wasannin kwaikwayo na Turai akwai wani da ya zagaye duniya, sunansa Romeyo da Juliyet. Wani mutumin Ingila, Wiliyam Shekisfiya, shi ya rubuta shi, aka fara buga shi a shekara ta 1597. Labarin ya gudana a Berona, wani birni na ƙasar Italiya. Manyan gidaje biyu ne ke gaba da juna tun kaka da kakanni, gidan Montegu da gidan Kafulet. Romeyo ɗan Montegu ne, Juliyet ɗiyar Kafulet ce, sai ga shi sun so juna.

Juliyet na da ɗan kawu mai suna Tibalt, saurayi mai zafin rai, gwanin takobi. Ran da Romeyo ya saci jiki ya shiga bikin gidan Kafulet da fuska a rufe, Tibalt ne ya gane shi da murya, ya ce a kawo masa takobinsa. Mai gida ya tsawata masa. Bai haƙura ba, ya aika da takarda gidan su Romeyo, yana kiransa faɗa. A nan ne Merkusiyo, abokin Romeyo, mutum mai barkwanci da kaifin baki, ya laƙaba masa Yariman Kyanwoyi, daga baya ya ɗaga shi zuwa Sarkin Kyanwoyi.

To, mi ya haɗa Tibalt da kyanwa, wato mussa? Asalin abin tatsuniya ne. A Faransa, tun ƙarni na 12, akwai labaran wani yanyawa mai suna Renar, wanda wayonsa ya yi kama da na dila. Labaran sun karɓu ƙwarai, har Faransawa suka bar tsohuwar kalmarsu ta yanyawa, "gufil", suka koma kiran dabbar da sunan Renar, yadda ƴan lakwal ke koyonta yau. Cikin tatsuniyar akwai wani muzuru, ana ce masa Tiber. A 1481 Wiliyam Kakston ya buga labaran da Ingilishi, mutanen Ingila suka saba da su. Tiber da Tibalt kuwa kusan abu guda ne a kunne. Ƴan kallo na zamanin, da sun ji lakabin, sun san inda aka dosa.

Kuma ba wurin yabo aka dosa ba. Sarki Zaki ya aiki Tiber ya kirawo Renar gaban shari'a. Renar ya ce masa akwai ɓeraye masu ƙiba a rumbun wani limamin Kirista. Kwaɗayi ya ja muzuru ya zura kai cikin tarko, mutanen gida suka rufe shi da duka har ya rasa ido ɗaya. Amma kafin ya tsira sai da ya ji wa limamin rauni a wurin da ba a faɗi cikin mutane.

Ke nan lakabin baki biyu gare shi. Kyanwa akwai zafin nama, ba a jin takunta, ba ta kuskure hari, haka Tibalt yake da takobi. Merkusiyo da kansa ya yarda da haka, ko da yake yana yi wa salon faɗansa dariya, wai na ƴan gayu ne da aka koyo a makaranta. Ɗaya bakin kuwa raini ne tsantsa: babban jarumin Kafulet bai wuce mai kamun ɓera ba. Abin da Merkusiyo bai lura da shi ba, muzurun tatsuniya ma bai fita tarko ba sai da ya zubar da jini.

Ran da abin ya ɓaci, ana tsananin zafi. Tibalt ya tare Romeyo a titi, ya zage shi. Romeyo ya ƙi tanka masa, domin a ranar nan aka ɗaura masa aure da Juliyet a ɓoye, Tibalt ya zama surukinsa ba tare da ya sani ba. Merkusiyo ya ɗauki wannan tsoro ne, ya zare takobi. Mutanen Ingila kan ce kyanwa rai 9 gare ta, shi kuwa ya ce guda ɗaya kawai yake so daga ciki. Baki shi ke yanka wuya. Romeyo ya shiga tsakani don ya raba su, Tibalt ya zura takobi ta ƙarƙashin hannunsa ya soki Merkusiyo. Ko yana mutuwa bai saki barkwancin ba, ya kira raunin yakushi, yana jin haushin a ce kyanwa ce ta yakushe shi har lahira.

Romeyo ya rama, ya kashe Tibalt nan take, rai ɗaya ne gare shi kamar kowa. Sarkin Berona ya kori Romeyo daga gari, ya tafi Mantuwa. Daga wannan rana dariya ta ƙare a wasan, kafin a tashi mutum 6 sun mutu.

Shekisfiya ya ɗauko labarin daga wata waƙa da Arta Buruk ya buga a 1562. A can ma akwai Tibalt, amma ba shi ya kashe Merkusiyo ba, wannan ƙarin Shekisfiya ne. Cikin wasan kuma Merkusiyo kaɗai ke kiransa da lakabin, da ya mutu ba wanda ya sake ambatarsa. A fage na ƙarshe Romeyo ya tarar da gawar Tibalt cikin hubbaren Kafulet, kusa da Juliyet. Ya kira shi ɗan'uwa, ya roƙe shi gafara, sa'an nan ya sha guba.