Darajar Tsohuwar Mota Tana Jikin Injinta

A watan Janairun 2014, a wajen gwanjon motoci na Barrett-Jackson da ke garin Scottsdale a Amurka, an buga wa wata Chevrolet Corvette ƙirar 1967 ƙararrawa a kan dala miliyan 3.85. Irinta mai injin da ake kira L88 guda 20 kacal aka ƙera a waccan shekara. A shekarar dai, wata Plymouth Hemi Cuda ƙirar 1971 ta tashi a kan dala miliyan 3.5 a gwanjon Mecum a Seattle. Da na fara jin waɗannan kuɗaɗe na ɗauka son banza ne na masu hannu da shuni, sai da na bi diddigi na gane cewa abin da ake saye a irin wannan kasuwa shi ne hujjar cewa injin da ke cikin motar shi ne ainihin wanda ta baro masana'anta da shi. Hujjar kuwa wasu 'yan haruffa ne da lambobi da maiko da ƙura suka rufe.

Bari in yi wa mai karatu misali da Chevrolet Camaro ta 1967. Gangar injin, wadda kanikawanmu ke kira bulok, narkakken ƙarfe ake zubawa a yi ta, kuma ranar zubin tana fitowa a jikinta ta baya, kusa da inda take haɗuwa da giyabos. Harafi shi ne wata, A Janairu, B Fabrairu, haka har ƙarshe; sai rana, sai lambar ƙarshe ta shekara. Wato C157 na nufin 15 ga Maris, 1967. Bayan an harhaɗa injin sai a buga masa wata lambar a wani ɗan fili da ke gabansa. Idan an ga V0322, masana'antar Flint ce ta haɗa shi ran 22 ga Maris. Da T ce, to aikin Tonawanda ne. Sannan akwai ɗan allon ƙarfe a jikin motar ƙarƙashin bonet, inda 04A ke nufin makon farko na Afrilu. Kamfanin Ford shi kuma da shekara yake farawa: 7C15, kuma yana tsallake harafin I don kada a ɗauke shi lamba ɗaya.

Hikimar duka tana cikin jerin kwanakin nan uku. Dole zubi ya riga haɗa inji, haɗa inji kuma ya riga haɗa mota. Duk injin da aka zuba a watan Yuni aka same shi cikin motar da ta fito a Afrilu, baƙo ne, ko da mai sayarwa zai rantse har gobe. Haka nan idan tazarar ta yi nisa sai a sa alamar tambaya. Ƙungiyar masu raya tsofaffin Corvette ta Amurka, NCRS, wadda aka kafa a 1974, takan lamunci tazarar da ba ta wuce wata shida ba, ko da yake galibi makonni ne kawai.

Inda kuɗi ya taru kuwa, macuta ba sa nisa. Akan goge filin lambar a sake buga wata da ta dace da motar. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Na'urar masana'anta takan bar wasu siraran layuka a kan filin, daga gaba zuwa baya, waɗanda guga ke shafewa, kuma masana kan sa tabarau mai ƙara girma su duba su, su duba siffar haruffan da yadda suka jeru. Ranar zubi kuma, da yake tasowa ta yi daga jikin ƙarfen, sauya ta ya fi wuya. Wani abin tausayi shi ne, bakanike mai gaskiya ma yakan shafe lambar ba da gangan ba yayin da yake daidaita saman bulok, ya jawo wa mai mota asarar da bai san ya yi ba.

Abin da ya sa wannan batu ya tsaya mini a rai shi ne Peugeot 504 ta mahaifina, haɗin Kaduna, wadda ya saya sabuwa a 1978, shekara uku bayan masana'antar ta fara aiki. Da ta dawo hannuna ta fara shan baƙin mai, ban yi wata-wata ba na sayo injin kwatano aka ɗora, na sayar wa 'yan gwangwan da na asalin a kan kuɗin da bai wuce na cefanen kwana biyu ba. Ban ko rubuta lambarsa ba. Motar tana nan, tana tashi, amma duk ranar da na buɗe bonet sai in ji kamar na yage shafin farko na littafin da aka ba ni amana.

Ban ce 504 za ta taɓa kai farashin Corvette ba, kuma na san mai neman abincin yau ba ya tunanin gidan tarihi. Sai dai an daina ƙera ta, kullum raguwa take yi a titunanmu, kuma ita ce motar da ta ɗauki ƙarni guda na ma'aikata da malamai da amare. Wadda ta rage da injinta na asali da takardunta, nan gaba ita za a nema.

Saboda haka shawarata ga duk mai tsohuwar mota a gida ita ce, ya sa a wanke injin, ya ɗauki hoton lambarsa da ta shasi, ya gwada su da abin da ke cikin takardun, ya adana rasit ɗin saye komai tsufansa. Idan canjin inji ya zama dole, a ajiye tsohon a lungu, kada a auna shi a sikeli. Ni dai nawa ya riga ya narke, wataƙila ma yanzu tukunya ce a wani gida.