Tsutsa a Huhu, Kumburi a Zuciya

Mai karatu, ko ka san tsutsar da ta taɓa huhu tana iya sa zuciya ta kumbura? Ɓangaren dama na zuciya shi ke tura jini zuwa huhu. Idan ƙananan hanyoyin jinin huhu suka tsuke, dole ya ƙara ƙarfi. A hankali sai ya yi kauri, ya faɗaɗa, daga bisani ya gaji. Likitocin dabbobi sun ga haka ga 'ya'yan kyanwa masu tsutsar huhu, wadda kyanwa kan ɗauka wajen cin ɓera, ƙadangare ko tsuntsu. Wannan tsutsa ba ta kama mutum. Idan kyanwarka na yawan tari, kai ta asibitin dabbobi na jami'a a Samaru.

Tamu tsutsar kuwa ita ce ta tsargiya. Daga jikin dodon koɗi take fitowa cikin ruwa, ta huda fatar mai wanka, mai wanki ko manomin rani. Kowa ya san ta da fitsarin jini, amma akwai irin da ke zama a hanji da hanta, kuma shi ya fi kai ƙwai huhu. Ƙwan na maƙalewa a hanyoyin jini, ya bar tabo. Abin kan ɗauki shekaru. Yaron da ya yi iyo a Kubanni ko Galma sai ya girma kafin haki ya fara.

Na fi jin tsoron abin ga mai juna biyu, domin jininta kan ƙaru da kusan rabi, zuciyar da ta gaji kuwa ba ta iya ɗaukar wannan nauyi. Nan Zariya mun saba ɗora kumburin mai jego a kan kunun kanwa da wankan jego. Sau da yawa haka ne, amma ba kullum ba.

Idan kana haki da ɗan aiki kaɗan, ko ƙafafu da ciki na kumbura, zo asibiti a Shika. Za a gwada fitsari da bayan gida, a ɗauki hoton ƙirji da na zuciya. Maganin praziquantel na kashe tsutsar, har mai cikin da ya wuce wata 3 ana ba ta, sai dai ba ya goge tabon da ya riga ya zauna. 'Yar'uwa, idan kin taɓa fitsarin jini, ko tun kina yarinya ne, faɗa wa ungozoma ranar awon farko.