Daga faifan garmaho zuwa memori: Yadda jitar Amurka ta bi hanyar fatake ta shigo Sahara

Duk wanda ya taɓa hawa motar kaya daga Agadas zuwa nan Sabha, ya bi ta Dirku da Madama da Gatrun, ya san irin kiɗan da direbobi ke sakawa idan dare ya tsala, wato jita mai kuka, da tafi, da murya cikin harshen Abzinawa. Da yawanmu mun ɗauka nan kiɗan ya tsiro shi kaɗai kamar dabino. To, lallai saiwarsa ta Sahara ce, domin daga tande da goge na matan Abzinawa ya samo kari. Amma akwai wani ruwa da ya shayar da shi daga nesa, shi ne fayafayan da mawaƙan Amurka da Ingila suka buga tsakanin 1960 da 1970.

Ga waɗanda ba su riski zamanin ba, faifai wani baƙin kewayayyen abu ne mai kama da faifan rufe ƙwarya, wanda ake ɗorawa a garmaho allura ta bi ta kansa. Babba yakan ɗauki kimanin minti 20 a kowace fuska. Kiɗa iri uku ne suka yi tashe a wancan lokaci. Akwai soul na baƙaƙen fatar Amurka, wanda ya fito daga waƙoƙin cocinsu, inda James Brown ya fitar da Live at the Apollo a 1963, Otis Redding ya fitar da Otis Blue a 1965, ita kuma Aretha Franklin ta yi fice a 1967. Akwai rock na irin su Beatles da Rolling Stones. Sai na uku da suke kira psychedelic, wanda ake murɗa sautin jita da na'ura har ya riƙa amsa-kuwwa kamar ana kira daga cikin rijiya.

Sarkin wannan fage shi ne Jimi Hendrix, wani baƙar fata bahago daga birnin Seattle, wanda ya fitar da Are You Experienced a 1967 da Electric Ladyland a 1968. Gaskiya ɗaya ce, wannan kiɗa ya haɗu da shaye-shaye a tsakanin matasan can, kuma shi kansa Hendrix ya mutu a Landan a watan Satumba na 1970 bayan ya sha ƙwayoyin barci, yana ɗan shekara 27 kacal. Wannan darasi ne ga yaranmu. Sai dai abin da ya bari a kan tsirkiyar jita ya zagaya duniya.

Wani abin da mai karatu zai so ya sani shi ne, kayanmu ne suka je suka dawo. A faifan farko na Santana na 1969 akwai wani kiɗa mai suna Jingo, wanda asalinsa na Babatunde Olatunji ne, makaɗin ganga ɗan Nijeriya da ya zauna a Amurka. Shi ya sa da James Brown ya zo Legas a ƙarshen 1970, da kuma lokacin da Wilson Pickett da Santana da Tina Turner suka yi wasa a Akra ranar 6 ga Maris 1971, jama'a ba su ji baƙunta ba. Samarin Nijeriya ma suka kafa nasu rukunonin, kamar BLO da Ofege da Funkees.

A nan Libiya kuwa, labarin ya sha bamban. Kafin juyin mulkin 1 ga Satumba 1969, Amurkawa na da sansanin jiragen yaƙi na Wheelus a gefen Tarabulus, mai gidan rediyon kansa. Mu'ammar Gaddafi, wanda ya yi karatun sakandare a nan Sabha, ya sallame su a 1970, kuma a 1985 har ƙona kayan kiɗan Turawa aka yi a bainar jama'a. Amma abin da aka hana ta ƙofa sai ya shigo ta taga. Kaset, wanda kamfanin Philips ya ƙirƙiro a 1963, yana shiga aljihu, yana jure ƙura, ana kuma kwafarsa da rikoda biyu. Faifai kuwa, rana ɗaya a bayan mota ta ishe shi ya lanƙwashe.

Farin 1973 ya kashe dabbobin Abzinawan Mali da Nijar, samarinsu suka kwararo Aljeriya da Libiya neman aiki. Su ne ake kira ishumar, daga kalmar Faransanci mai nufin marar aikin yi. A cikinsu akwai Ibrahim Ag Alhabib, wanda aka kashe mahaifinsa a tawayen Kidal na 1963, ya kuma haɗa jitarsa ta farko da gwangwani da sanda da wayar birkin keke. A Tamanrasat ya haɗu da abokansa a 1979, inda suke sauraren kaset-kaset na Larabawa da na su Hendrix da Santana. Da Gaddafi ya yi kira ga Abzinawa a 1980 su zo su karɓi horon soja, suka amsa. A sansanonin Libiya rukunin Tinariwen ya nuna, kuma duk wanda ya kawo musu kaset marar komai sai su cika masa kyauta. Direbobi da 'yan kasuwa ne suka yi ta tsallaka iyaka da su, a lokacin da mallakarsu kan iya jefa mutum cikin matsala da hukuma. A 2012 faifansu Tassili ya ci lambar Grammy a Amurka.

Nijar ma ba a bar ta a baya ba. Marigayi Abdallah Oumbadougou, wanda ya rasu a 2020, shi ya share fagen. Bombino ɗan Agadas ya yi zaman hijira a Aljeriya da Libiya, inda ya riƙa kallon bidiyon Hendrix yana kwaikwayon yatsunsa. Shi kuwa Mdou Moctar, wanda shi ma bahago ne kuma ya yi ci-rani a Libiya, a Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a 2008, da irin na'urar gyaran murya ta waƙoƙin finafinan Hausa. Daga waya zuwa waya suka yaɗu, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsince su ya saka a wani faifai a 2011.

To, ina ruwan ɗan kasuwa da wannan dogon tarihi? Ruwansa biyu ne. Na farko, kayan tarihi na salwanta a hannunmu. Ni kaina na tuna kwalin fayafayan mahaifina da muka mayar abin wasa muna yara, muna wurga su sama kamar shirwa, ciki har da na Shata da na Ɗan Maraya. Yau idan na nemi irinsu domin shirin rediyo, sai in yi wata ban samu ba. Alhali kamfanonin waje irin su Soundway na Ingila sun yi shekaru suna bin kasuwannin Afirka ta Yamma suna sayen tsofaffin fayafayai suna sake buga su. Don haka idan kana da su a shago ko a ɗaki, jera su a tsaye cikin rigunansu, nesa da rana, kar ka ɗora musu kaya. Kaset kuma a nisanta shi da lasifika, saboda maganaɗisun da ke ciki yana goge sauti, a kuma nemi yaro mai kwamfuta ya kwafe shi tun bai tsinke ba. Kada ka sayar a kwali ɗaya kafin ka tambayi daraja.

Na biyu shi ne haƙƙi. Jiya an kwafi kaset saboda babu wata hanya, mawaƙan da kansu suka yarda. Yau masu tura waƙa a memori na cin abinci da gumin wasu, mai waƙar ko sisi bai gani ba. Ɗan kasuwar da ba zai yarda a taɓa masa buhun dabino ba, bai kamata ya raina kayan wani don ba a auna shi da mudu ba. Aƙalla a rubuta sunan mawaƙi daidai, a sayi na asali in akwai, a kuma biya su da kyau idan an gayyace su biki.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya kai matafiya gida lafiya.